Horar da Ma'aikatan Lafiya Kan Riga-kafin Ciwon Zuciya a Maiduguri

Cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun fi kowace irin cuta kashe mutane a duniya, domin ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai sun yi ajalin mutum kusan miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun auku ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, waɗanda Najeriya take cikinsu. A Maiduguri kuwa, tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a shekarar 2009 hankalin hukumomi da na ƙungiyoyin agaji ya fi karkata ga raunukan yaƙi da kwalara da tamowa, abin da ba za a ga laifinsu a kai ba, amma hakan ya bar hawan jini da dangoginsa suna cin mutane a ɓoye, cikin 'yan gari da cikin 'yan gudun hijira baki ɗaya.

Kafin a yi maganar horo, ya kamata a san irin ciwon da za a yi horon dominsa. A Turai da Amurka, abin da ya fi kai masu ciwon zuciya asibiti shi ne toshewar jijiyoyin da ke shayar da zuciyar kanta, wato kitse ya taru a cikinsu har jini ya kasa wucewa. A nan yankin labari ya sha bamban. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya bi marasa lafiya fiye da dubu ɗaya a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya gano cewa kusan rabin waɗanda aka kwantar saboda gazawar zuciya hawan jini ne ya kai su, alhali toshewar jijiya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba, kuma matsakaicin shekarunsu bai wuce hamsin da 'yan kai ba. Gazawar zuciya na nufin zuciya ta raunana har ba ta iya tura jini yadda jiki ke bukata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, mutum ya riƙa haki, ya kasa kwanciya rigingine sai an jingina shi da matasai. Ke nan manhajar da aka kwafo daga Ingila ba tare da gyara ba za ta koya wa likita yaƙi da cutar da ba ita ce ta fi addabar mutanensa ba.

Hanyar ƙwarewa a aikin likita a Najeriya doguwa ce. Bayan shekara shida a jami'a, da shekara guda ta sanin makamar aiki, da wata ta bautar ƙasa, likitan da ke son zama ƙwararre sai ya ci jarrabawar share fage, sannan ya nemi gurbi a asibitin da aka amince masa ya yi horo, inda zai shafe wajen shekara biyar ko shida yana aiki yana karatu, ya ci jarrabawa mataki biyu, ya kuma rubuta kundin bincike. Hukumomi biyu ne ke ba likitocin cututtukan cikin jiki wannan shaida: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1976. A Borno, cibiyar wannan horo ita ce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983, shekara takwas bayan kafa jami'ar a 1975, kuma marasa lafiya na zuwa masa daga Yobe da Adamawa, har ma daga Chadi da Nijar da Kamaru.

Wannan tsari ya fitar da likitoci masu hannu, sai dai yana da wani gibi da ya samo asali daga inda ake yin sa. Likitan da ke horo a asibitin koyarwa yana haɗuwa da ciwon zuciya ne a ƙarshen tafiyarsa: dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko matar da ƙafafunta suka kumbura har zane ya yi mata shaida a ƙwauri. Yana koyon karanta hoton zuciya da zanen bugunta, yana koyon cire ruwa daga jiki da magani, amma shekaru goma ko ashirin da cutar ta yi tana girma a unguwannin Maiduguri irin su Gwange ko Bulumkutu ko Shehuri, lokacin da ƙwayar magani ɗaya a rana za ta iya tare ta, ba su cika shigowa cikin ɗakin karatunsa ba.

Horon riga-kafi yana farawa ne daga abin da mutane da yawa suke rainawa, wato awon jini. Ƙa'idarsa ita ce a bar mutum ya zauna ya huta na kamar minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a ɗore kan tebur daidai da ƙirjinsa, a ɗaura masa maɗauri daidai kaurin damtsensa a kan fata, ba a kan hannun babbar riga ba, kuma kada ya yi magana har a gama. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, sai a maimaita a wata rana dabam kafin a ce yana da hawan jini. Wanda ya taho a ƙafa cikin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Maiduguri, aka kuma auna shi yana tsaye yana gaisawa, lambar da za a samu ba abin dogaro ba ce. Bayan awo sai lissafin haɗari, wato a haɗa shekarun mutum da jinsinsa da shan taba da ciwon suga da ƙiba domin a ƙiyasta yiwuwar ya gamu da bugun zuciya ko shanyewar jiki cikin shekara goma. Daga nan sai aiki mafi wuya, wato shawo kan wanda ba ya jin ciwon komai ya yarda da shan magani har iyakar rayuwarsa, domin da yawa sukan daina da zarar ciwon kai ya lafa, su ce jinin ya sauka. Haka ma batun gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram biyar a rana, kimanin ƙaramin cokali guda, amma ma'aikacin da ya ce wa uwargida ta rage gishiri bai ambaci dunƙulen da take marmasawa a miya ba, bai gaya mata komai ba.

Akwai kuma ciwon da arewacin Najeriya ya yi suna da shi a littattafan likitanci na duniya, wato gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, sun bayyana shi a Zariya a shekarun 1970, inda suka danganta yawansa da al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma, da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa, wadda ke ɗauke da sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki kamar yadda gishiri ke yi. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi daga baya a Kano ya ƙara haske, domin ya jawo hankali ga talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, abin da ke nuna cewa ɗora laifin duka a kan al'ada gajarta zance ne. Wadda ta fi kowa damar gano wannan ciwo da wuri ita ce ungozoma ko malamar jinya da ke karɓar mai jego ranar allurar jariri, idan an koya mata cewa haki da tari cikin dare da kumburin ƙafa bayan suna ba gajiyar haihuwa ba ce. Ciwo na uku shi ne lalacewar ƙofofin zuciya a yara da matasa sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙwayoyin cuta da ba a magance ba, wanda cunkoson ɗaki ke yaɗawa, kuma allurar fanisilin duk bayan mako uku ko huɗu ke hana shi ci gaba.

Duk ayyukan riga-kafin waɗannan cututtuka uku babu wanda ke bukatar sai ƙwararren likitan zuciya ya yi shi da hannunsa, kuma ko da ana so, yawan ƙwararrun bai kai ba. Saboda haka ne gwamnatin tarayya ta fitar da manufar rarraba ayyukan lafiya a 2014, wadda ta ba ma'aikatan lafiya na matakin farko damar yin wasu ayyukan da a da sai likita, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin HEARTS a 2016, mai koyar da bin matakan magani iri ɗaya a kowane ƙaramin asibiti. An fara gwada shi a jihohin Kano da Ogun a 2020, inda ma'aikaci ke fara wa mai hawan jini da ƙwayar amlodifin, ya ƙara mataki idan awo bai sauka ba, ya kuma tura shi babban asibiti idan abin ya fi ƙarfinsa. A irin wannan tsari aikin ƙwararre yana komawa koyarwa da sa ido da duba rajista, kuma wannan ma fasaha ce da sai an koye ta. A Maiduguri akwai ƙarin sharaɗi na harshe, domin shawarar da aka bayar da Turanci ga tsohuwar da Kanuri ko Larabcin Shuwa kaɗai take ji ba ta fita daga ɗakin ba. Masu harhaɗa magunguna da masu kyamis ma, waɗanda su ne mutane suka fi fara zuwa wurinsu, barin su a waje asara ce.

Borno ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani, tun da ita ta haifi Farfesa Umaru Shehu, wanda ya rasu a watan Oktoban 2023 bayan ya shafe rayuwarsa a fannin lafiyar al'umma, wato reshen likitanci da ke duba lafiyar gari gaba ɗaya maimakon ta mutum guda, ya kuma shugabanci kwalejin likitanci ta Jami'ar Maiduguri. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan reshe da na likitocin zuciya a horo ɗaya, ta yadda mai neman ƙwarewa zai yi watanni a ƙaramin asibitin unguwa, kundin bincikensa kuma ya amsa tambayoyin Borno.

Cikas ɗin ba ɓoyayyu ba ne. Likitocin da aka gama horarwa suna ficewa zuwa Saudiyya da Ingila, an lalata asibitoci da dama a ƙananan hukumomi lokacin rikici, sannan ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024 ta shiga asibitin koyarwar kanta ta lalata kayan aiki masu tsada. Sai dai ambaliyar ta ƙara nuna haɗarin tara ƙwarewa da na'urori duka a wuri guda. Ya kamata gwamnatin jihar Borno da jami'ar da kwalejojin jinya da na fasahar lafiya su buɗe gajerun kwasa-kwasai masu takardar shaida ga ma'aikatan da ke bakin aiki, su tabbatar kowane ƙaramin asibiti yana da na'urar awon jini mai aiki da maganin da ba ya yankewa, domin horar da ma'aikaci a tura shi ɗakin da babu ko ɗaya daga cikin biyun ɓarnar kuɗi ce.