Laya Ba Ta Gudun Asuba

Da zarar an sa ranar wani babban dambe, na gargajiya ne ko na boksin, Babbar Kasuwar Kaduna ta samu abin taunawa ke nan. Daga wajen mahauta har rumfunan 'yan waya, kowa ya zama masani. Ana miƙa wa juna waya ana kallon karawar da ta wuce, ana musu, har wanda aka aiko cefane ya tsaya ya sa baki. Wannan ba laifi ba ne, ni ma da ni ake yi. Abin da ya ishe ni shi ne inda zancen yake ƙarewa kullum: wane an dafa shi, wane ya je ƙauye an yi masa tsaga, wane malaminsa ya ba shi sa'a, hannunsa in ya taɓa mutum sai ƙasa. A yi awa guda ana wannan hira, ba za ka ji wanda ya tambayi nisan gudun da ɗan damben yake yi da asuba ba, ko da wa yake gwada hannu, ko yaushe rabonsa da shiga fage.

Da a bakin manya zancen ya tsaya, da ban ɓata tawada ba. Amma yara suna saurare. 'Yan dako da masu tura baro da yaran shago, masu shekara 15 zuwa 18, su ne suke kwashe wannan magana su tafi da ita gida. Dubi damatsan wasunsu za ka ga sabuwar shaushawa a jere, an cusa baƙin gari a ciki. Laluba aljihun wasu za ka samu tramol. Sun ji an ce da haka ake zama gwanin dambe.

Dambe dai kowa ya san shi. A namu na gargajiya hannu ɗaya ake naɗewa da zare, ɗayan ya zama garkuwa, a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. A na boksin hannu biyu ake sa wa safa, kowane turmi minti 3, hutu minti 1, wasan kambu kuma turmi 12. Sansanin atisaye shi ne makonni 8 zuwa 12 da ɗan boksin yake keɓe kansa kafin ranar karo. Shi ke nan, mu koma kan abin da ya kawo mu.

Tambaya ta farko ga masu cewa asiri ne: a gidan dambe, wane ne ba shi da laya? Ɗan Kudu da kambunsa, ɗan Arewa da gurunsa, ɗan Guramada ma ba haka nan ya fito ba. Duk sun sha, duk sun shafa, duk an zaɓar musu sa'a. Amma in an sa zare ɗaya ne yake kwanciya. Sai a ce ai na wancan ya fi ƙarfi. To, bayan wata biyu su sake haɗuwa, wanda aka kashe ya rama, sai a ce ya canza malami. Wato duk yadda ta kaya maganin ba ya faɗuwa, mai shi ne kawai yake faɗuwa, mai sayarwa kuma ya riga ya karɓi kuɗinsa. Wace irin haja ce wannan da ba a taɓa mayar da ita? Ku 'yan kasuwa ne, kun fi ni sanin amsar.

Mu duba wasan da yawancinmu muka kalla a gidajen kallon ƙwallo. Ranar 1 ga Yuni, 2019, a birnin New York na Amurka, Andy Ruiz ya buge Anthony Joshua a turmi na 7, ya ƙwace kambunansa. Ruiz gajere ne a kan Joshua, ga tumbi, kuma makonni kaɗan kafin wasan aka kira shi ya maye gurbin wani. Washegari aka yi ta cewa ba banza ba, an yi wa Joshua wani abu. Abin da ba a faɗa shi ne Ruiz ya yi wasa a watan Afrilun shekarar ya ci, saboda haka daga wani sansanin ya faɗa wani, jikinsa da ɗumi. Tumbin ne ya ruɗi masu kallo, amma hannun yana da sauri, kuma saurin hannu ba a sayo shi a ƙullin magani.

Ranar 7 ga Disamba, 2019, aka sake karawa a Diriyya, ƙasar Saudiyya. A wajen awon nauyi aka gama wasan tun ba a fara ba. Ruiz ya hau sikeli ya ƙaru da kusan kilo 7, ya haura kilo 128. Joshua ya rage kusan kilo 5, ya zo da ƙafa mai sauƙi, ya yi ta zagaye shi yana tsikara har turmi 12 suka cika, ya karɓe kayansa. Da aka tambayi Ruiz, bai ce an karya masa asiri ba. Da bakinsa ya ce shagali ya sa a gaba, bai yi atisaye yadda ya kamata ba. Mutum biyun nan dai su ne, wata shida tsakani. Abin da ya canza shi ne wanda ya tashi da asuba da wanda ya yi kwanciyarsa.

Ko Muhammadu Ali, wanda dattawanmu har yau suke ba da labarinsa kamar sun yi unguwa ɗaya. A Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba, 1974, yana da shekara 32 ya fuskanci George Foreman mai 25, wanda ba a taɓa cin sa ba cikin wasa 40. Ali ya jingina da igiya ya bar shi yana ta zuba naushi har ƙarfinsa ya ƙare, a turmi na 8 ya kwantar da shi. Wanda bai sani ba sai ya ce tauri ya ci. Alhali a sansaninsa ya daɗe yana jingina da igiya yana barin abokan atisayensa, irin su Larry Holmes, suna dukan haƙarƙarinsa don jiki ya saba. Shi ma Foreman, don kada a ce mu kaɗai muke da wannan hali, daga baya ya yi zargin cewa an sa masa wani abu a ruwan sha. Wanda ya sha ƙasa ba ya rasa abin faɗi, ko a Kaduna ko a Amurka.

Me ake yi a sansanin? Ba wani abin ɓoye. Gudu tun kafin gari ya waye, kilomita 6, 8, wani lokaci 10. Tsallen igiya don ƙafa ta yi sauƙi. Dukan buhu, dukan iska a gaban madubi, dukan tafin mai horarwa yana kiran hannun da za a fitar. Sai gwajin hannu, inda ake ɗauko mutanen da tsayinsu da salonsu suka yi kama da na abokin karawa, a biya su kuɗi don su dake ka. Idan bahago za ka fuskanta, bahago za a nemo maka. A zauna a kalli tsofaffin wasanninsa, a gane ko yana sauke hannu bayan ya kai duka. A auna abinci, a auna barci. Mako na ƙarshe a sassauta don jiki ya huta. Wanda zai yi minti 36 ana neman kansa, numfashi yake buƙata kafin komai, shi kuwa numfashi ba a fafe gorarsa ranar tafiya.

Za a ce mini wannan na Turawa ne, gwanayen damben gargajiya na da, su Shago da Ɗandunawa, wane sansani suka shiga? Sun shiga, sunansa ne ba haka ba. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, kuma da kaka ake yin sa, bayan an cire amfanin gona. Mutumin da ya yi damina yana huɗa da garma, yana kayar da sa, yana saɓa cinyar naman a kafaɗa, yana taka sayyada daga wannan gari zuwa wancan don ya kai fage, wane atisaye ne bai yi ba? Rayuwarsa duka sansani ce. Ɗan yau kuwa a kan babur yake zuwa ko'ina, ya kwana yana latsa waya, sannan yana so laya ta cike masa gurbin gonar da bai noma ba. Su kuma makaɗa, irin su marigayi Ɗan Anace da ya ɗaukaka sunan Shago, sana'arsu ce su mayar da mutum dodo don abokin karawa ya ji tsoro, 'yan kallo su yi kari. Kirari zuma ne a kunne, amma ba takardar likita ba ce.

Abu ɗaya zan yarda da shi: wanda ya yi imani an dafa shi yakan shiga fage da ƙarfin zuciya, ƙarfin zuciya kuma yana da amfani. Sai dai iyakarsa turmin farko. Da huhu ya fara ƙuna, gwiwa ta fara rawa, ba sauran abin da zai riƙe mutum sai abin da ya tara a jikinsa. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, mu ma muna yi. Ai tun muna yara ake gaya mana, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ita ƙwaya ta fi layar sharri, don laya aljihu kawai take ci. Tramol maganin kashe zafin ciwo ne mai ƙarfi, wanda likita yake rubutawa. Abin da hukumar NAFDAC ta yarda da shi mai lamba 50 ne da 100, amma wanda yake yawo a bayan fage har da mai 225. Ba ya ƙara ƙarfi ko na anini. Yana rufe wa mutum jin zafi ne, ya kawo jiri, ya rage saurin ganin hannun da ke tahowa, idan ya yi yawa ya jawo farfaɗiya ko ya danne numfashi. Wiwi ma haka take rage zafin nama. Zafin da kake ji in an dake ka saƙo ne cewa wani abu ya lalace. Ka toshe saƙon, sai ka ci gaba da miƙa kai ana duka. Tun 1 ga Janairu, 2024, WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, ta haramta tramol a lokacin gasa. Kuma mutumin da Ruiz ya maye gurbinsa a 2019, Jarrell Miller, gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari ne ya kama shi, ya rasa wasan da ya fi kowanne tsoka a rayuwarsa yana ji yana gani.

Za a ce ba laya da ƙwaya ne kaɗai matsalar ba: akwai talauci, akwai rashin kayan atisaye, akwai 'yan caca masu zuga yara, akwai hukumomin da sai ranar gasa suke tunawa da 'yan wasa. Duk gaskiya ne.

Amma yaron da yake son dambe ba zai zauna jiran hukuma ba, don haka da shi nake magana yanzu. Ƙanena, fara da likita. A auna maka hawan jini, a saurari zuciyarka, a yi maka gwajin ciwon hanta. A watan Maris na 2025 Segun Olanrewaju, wanda ya taɓa riƙe kambun Nijeriya da na Afirka ta Yamma, ya yanke jiki ya faɗi a turmi na 3 a birnin Akra, rai ya yi halinsa. Ƙwararre ke nan, balle kai da ba a taɓa ɗora maka abin awo ba. Idan an riga an yi maka tsaga da askar da aka yi wa wasu, gwajin ya zama dole, don ta wannan hanya ake ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, garin da ake cusawa kuma yana iya kawo cutar sarƙe haƙora. Ciwon hanta nau'in B yana da rigakafi, allura 3 ce, ka nema.

Sannan gudu. Dandalin Murtala ba shi da nisa da kasuwa, kuma da sassafe cike yake da masu motsa jiki. Fara da kaɗan ka riƙa ƙarawa mako-mako, ka bar kwana ɗaya na hutu. Igiyar tsalle ba ta fi ƙarfin aljihunka ba. Kada ka daki bango ko icce wai don hannu ya yi tauri, ƙananan ƙasusuwan bayan hannu ne za ka farfasa. Kada ka gwada hannu da zare, kada ka yi da wanda ya fi ka nauyi nesa ba kusa ba, kada ka yi ba babba a wurin, kuma ka sa robar kare haƙora. Abinci ba sai tsire kullum ba: wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, nono, tuwo da miyar ganye sun isa. Sha ruwa sosai. Masu naɗe jiki da leda su fita gudu a zafin Maris da Afrilu wai su rage nauyi, ruwan jikinsu suke zubarwa ba kitse ba, ƙoda kuma ita take biyan bashin. Da azumi, bari sai an sha ruwa.

Ku kuma iyayen gida a kasuwa, yaran nan amana ne a hannunku. Idan yaronka ya je dambe an kashe shi, washegari ya zo shago yana amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko barci yana fizgarsa, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, ba jifa ba ne, ba kuma aljanu ba. Ƙwaƙwalwa ce ta bugu, wataƙila jini yana taruwa a ciki. Kada a tsaya hayaƙi da shafe-shafe, kada a ba shi tramol ya kwanta, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki. Asibitin Barau Dikko yana nan cikin gari, na Yusuf Ɗantsoho yana Tudun Wada, a kai shi a ranar. Ko da likita ya sallame shi, a boksin na ƙwararru wanda aka buge ya faɗi ana dakatar da shi aƙalla wata guda, wani lokaci har uku, domin duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko haɗari. Wanda ya zo yana zuga shi ya koma ya rama a Juma'a mai zuwa, a ce masa ya naɗa zaren da kansa.