Humra Da Turaren Wuta, Gadon Da Ba A Rubuta Ba

A zamanin da, idan tsohuwa ta buɗe adudunta, kafin ido ya ga zane hanci ya riga ya sami labari. A ciki akwai saƙi da tsamiya, da turkuɗi wanda aka rina a Kura ko a Ƙofar Mata ta Kano, mabuga suka buge shi har yana walƙiya. Ko wane zane kuwa ya sha hayaƙin turare. Wannan ƙanshi ba daga kanti ya fito ba. Aikin hannu ne wanda uwa ke koya wa 'yarta, kuma shi ne ake tsoron ya salwanta yau.

Ga yadda aikin yake. Akan sami itacen sandal ko wani itace mai ƙanshi a faskara shi ƙanana. A narka sukari a wuta, a zuba itacen, a yi ta juyawa har ya kama, sa'an nan a kwarara masa man turare, a rufe cikin kwalba ya kwana biyu. Wannan shi ne turaren wuta. In za a yi amfani da shi, sai a zuba garwashi a kasko, a kifa kwando a kai, a shimfiɗa tufa bisa kwandon.

Ita kuwa humra ruwa ce, ta shafawa a jiki. Ginshiƙinta farce, watau murfin wani dodon koɗi na teku wanda ake kawowa daga wajen Bahar Maliya. Sai an wanke shi sarai, an soya shi ƙarninsa ya fita, kana a daka a haɗa da sandal da miski da kanumfari, a bar shi ya tsima. Mai gaggawa ba ta yin humra. Matan Barebari da na Shuwa a Borno su ne suka yi fice a wannan sana'a, har amaren Kano da Zazzau ba su ganin kayansu sun cika sai da turaren Maiduguri.

Dalilin haka kuwa hanyar Makka ce. Kafin jirgin sama ya yawaita, alhazai kan bi ta ƙasa, su ratsa Borno da Fort Lamy, wadda aka mayar da sunanta N'Djamena cikin 1973, su shiga Sudan, su tsallaka teku. Wasu kan yi shekaru a hanya, su komo da kayan ƙanshi da sanin haɗa su. Ta wannan hanya ce kuma turaren kwalba mai suna Bint El Sudan ya bazu. Kamfanin W. J. Bush na Landan ne ya fara yin sa cikin 1920, bayan wakilinsa Eric Burgess ya je Hartum. Da mai aka haɗa shi, babu giya a ciki, saboda haka mai salla ya karɓe shi ba da shakka ba. Daga baya aka koma yin sa a Kano. Amma mata ba su yar da nasu ba, sai ma suka riƙa ɗiga shi cikin haɗinsu.

To, yau kasuwa ta cika da kwalabe masu suna humra, alhali da yawa ba su ga farce ba, ba su tsima ba. Ƙanshinsu na safe ne, kafin azahar ya gudu. Budurwar da ba ta taɓa shaƙar na kakarta ba, ina za ta gane jabu? Ma'aunin nan kuwa ba a littafi yake ba, yana cikin kan tsofaffi, kowace ta rasu ta tafi da nata.

Saboda haka duk wadda Allah ya bar mata kaka ko gwaggo mai wannan sani, ta durƙusa gabanta ta tambaya, ta ga yadda ake soya farce da idonta, ta rubuta awon ko da ajami ne ko da boko. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ji ƙan magabata, amin.