Miƙa Tana Sassauta Ciwon Bayan Manomi

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, noma ba ya yankewa a Kadawa da Kura da Bunkure. Da damina shinkafa, da rani kuma tumatir da albasa da alkama. Daga Kumbotso zuwa waɗannan garuruwa, kukan masu aikin gona ɗaya ne: ciwon baya da ƙugu.

Mai dashe yakan wuni a duƙe. Idan jiki ya daɗe a haka, naman baya da na cinya sai ya ƙage. Shi ya sa miƙewa take yi wa mutum wuya da yamma. Wasu sai su ruga wurin mai tallar magani su sayi ƙwaya. Ƙwayar tana ɓoye ciwon ne kawai. Wata tana cin ciki, wata irin su tiramol kuwa ta kama mutum ya kasa bari.

Miƙa ba ta cin ko kwabo. Kada manomi ya jira sai ya gama aiki. In ya kai ƙarshen kunya ko fangali, sai ya miƙe tsaye. Ya dafa ƙugu da hannu biyu, ya ɗan lanƙwasa baya a hankali. Bayan haka ya ɗora diddige a kan kunya, ya karkato gaba har ya ji bayan cinya ya ɗan ja. Ya tsaya a haka ya ƙirga 20, yana numfashi, sannan ya sake ƙafa.

Ba a fizga, ba a gasa. Jan nama kaɗan ake so. In an ji zafi, an wuce wuri. Da sanyin hunturu kuwa, a fara ɗan tattaki jiki ya ɗumama tukuna.

Amma ba kowane ciwon baya miƙa ke yi wa magani ba. Idan ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, ko fitsari ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti ran nan. Haka in akwai zazzaɓi ko rama, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, inda masu gashin ƙashi ke koya wa majiyyaci irin miƙar da ta dace da ciwonsa.