Waƙar Wanda Aka Yaudara: Ta Dace da Yara?

'Yan'uwa manoma, yanzu a ƙauyukan ƙasar Daura, daga Sandamu har Baure, waƙa ta koma cikin waya. Yaro ya bi mu kasuwar Mai'aduwa, kafin mu sayar da akuya an tura masa waƙoƙi. Da yawansu na saurayi ne ko budurwa da aka yaudara, suna cewa sun daure sun warke. Iyaye suna tambaya ko ya kamata ƙananan yara su ji irinsu.

Baƙin ciki ba zunubi ba ne. Zabura ta 55 ma kukan mutum ne wanda amininsa ya ci amanarsa, ya kai ƙararsa wurin Ubangiji. Abin dubawa shi ne inda waƙar ta dosa. In tana koyar da haƙuri da gafara, samari da 'yammata za su amfana. In kuwa zambo ce, ko alwashin ramuwa, ko batsa, a goge ta. Ƙaramin yaro yakan haddace kalmomi tun bai san ma'anarsu ba, gobe ya rera wa ƙanwarsa a gona.

Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, amma ikonta bai kai Daura ba. Tace wayar ɗanka kuwa aikinka ne. Ku saurari waƙar tukuna har ƙarshe, sa'an nan ku tambayi yaron abin da ya gane. In ta Turanci ce, ku roƙi malamin makaranta ya fassara muku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.