Ratsa Amurka da mota mai ɗaki a tsakiyar hunturu

Duk shekara da zarar sanyi ya kankama, dubban Amurkawa da 'yan Kanada sukan loda kayansu a irin motocin nan masu ɗakin kwana da kicin da banɗaki, waɗanda suke kira RV, su kama hanya. Galibinsu kudu suke nufa, har garin Quartzsite na hamadar Arizona, mai 'yan dubban mazauna, yakan cika maƙil da su a watan Janairu. Wasu kuma so suke su ratsa ƙasar daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, kuma a nan ne ake yawan tafka kuskuren auna tafiya da kilomita. A hunturu, tsayin tudun da za a hau da sanyin da dare zai kawo a zango su ne ke yanke hukunci.

Dubi babbar hanya mai lamba 80, wadda ta tashi daga San Francisco zuwa New Jersey. A taswira ita ce miƙaƙƙiya ga mai zuwa New York, amma a jihar Wyoming tana hawa sama da mita 2,600, a fili fetal inda iska ke kaɗawa ba abin da ke tare ta. Mota mai ɗaki doguwa ce, gefenta kamar bango, shi ya sa hukumar hanyoyin jihar kan hana dogayen motoci marasa nauyi wucewa idan iskar ta yi tsanani. Kafin a kai can ma sai an haura mashigar Donner a Kalifoniya, inda akan tilasta ɗaura wa tayoyi sarƙa idan dusar ƙanƙara ta zubo. Sunan wurin kansa gargaɗi ne: a 1846 wani ayari na mutum 87 ya ɓata makonni a kan wata hanyar yanke, ƙanƙara ta rutsa da shi a duwatsun, 48 kaɗai suka tsira. Hanya mai lamba 10 kuwa, daga Santa Monica zuwa Jacksonville, kusan kilomita 4,000, ta kudu take bi.

Abin da ya fi wuya shi ne direban gida yake ja, kuma lagon gidan nan ruwa ne. Idan ruwa ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, wanda ya isa ya fasa bututu ko famfo a dare guda. Na'urar ɗumama ɗaki gas take ƙonawa, amma fankarta da batir take aiki, batir kuwa ƙarfinsa raguwa yake a sanyi, wasu na litiyom ma ba a yi musu caji idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa. Man dizal yakan yi kauri ya toshe matata. Wanda ya kunna murhu ko janareta a ciki ya rufe tagogi kuma, iskar kabon monoksaid ce ke jiransa, ga ta ba wari ba launi. Ga shi yawancin zangunan arewa masu wuta da ruwa a rufe suke har sanyi ya wuce. Saboda haka gogaggu sukan zubar da ruwan bututu gaba ɗaya, su riƙe na sha a jarka.

Wani zai ce ai hanyar kudun ma ba ta da tabbas, kuma yana da gaskiya. A Fabrairun 2021 sanyi ya durƙusar da Texas, miliyoyin mutane suka rasa lantarki, hukumomin jihar suka ƙirga mutum 246 da suka mutu. Garin Flagstaff ma a Arizona yake, amma da yake yana kan tudu mai kusan mita 2,100, dusar da ke sauka masa ta fi ta biranen arewa da yawa. Sai dai wannan ƙara ƙarfafa batun yake yi: layin taswira ba ya ba da kariya, abin da ke bayarwa shi ne ikon tsayawa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Wanda ya ware kwana biyu ko uku na rara zai zauna a zango guguwa ta wuce, wanda ya ɗaure kansa da ranar isa kuwa shi ne zai taka ƙanƙara da dare.

Masu ƙorafin kuɗin mai su ma suna da hujja, don zagaye ta kudu yana cin aljihu, musamman ga mota mai shan mai irin wannan. Amma a haɗa da kuɗin janyo motar daga kan dutse da na sake bututu, sai lissafin ya sauya. Masu tinƙaho da motocin da aka ce an ƙera su don kowane yanayi kuma, tankunansu masu ɗumi suna kare ruwa ne kawai, ba sa rage faɗin gefen motar a gaban iskar Wyoming. A jihohi da yawa, buga lamba 511 kowace safiya kafin a tada inji yakan faɗa wa direba ko hanyar da ke gabansa a buɗe take.