Kamfani Ya Zuba, Gwamnati Ta Zuba: Hanyar Kai Bincike Gonakin Bakolori

Ba kowane yanki na Arewa ya haɗa abin da Talata Mafara da Bakura da Maradun suka haɗa ba. Ga madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, aka tsara ta shayar da hekta kusan 23,000. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Mafara, ga Jami'ar Jihar Zamfara da aka kafa a garin a 2018, ga kuma kwalejin koyon aikin gona a Bakura. Sai dai malamin da ke koyar da injiniyanci da ɗan kasuwar da ke sayar wa manoma injin ban-ruwa ba su cika zama a teburi ɗaya ba. Ɗalibi ya ƙera na'urar kammala karatu, a ba shi maki, na'urar ta ƙare a ɗakin ajiya tana shan ƙura.

Ƙasashe da dama sun daɗe da gano maganin wannan, kuma maganin na kuɗi ne. Gwamnati ba ta miƙa wa malami tallafi haka kawai. Takan ce ya fara nemo kamfanin da ke da matsala ta gaske, kamfanin ya sa nasa kuɗin, sannan ita ta cika sauran. A yi aikin a makaranta, sakamakon ya wuce kamfani, daga nan kasuwa. Birtaniya ta fara irin wannan shiri tun 1975, kuma har yau yana aiki: ƙaramin kamfani kan biya kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin aikin, babba ya biya rabi, a ɗauki matashin da ya gama jami'a ya zauna a kamfanin ƙarƙashin kulawar malami. A Jamus, cibiyoyin bincike na Fraunhofer na samun kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai daga gwamnati kai tsaye, sauran sai sun nemo ta kwangila.

Hikimar ba ta tsaya ga rage wa gwamnati nauyi ba. Kuɗin kamfani kamar kafin alƙalami ne a ciniki: wanda ya ajiye shi ya nuna da gaske yake son kayan. Kwamitin farfesoshi a Abuja na iya yaba takarda saboda kyan rubutunta, amma mai injin casar shinkafa ba zai fitar da naira ɗaya ba sai ya ga inda za ta dawo masa. Kuma wanda ya sa kuɗinsa ba ya barin aiki ya kwanta. Zai riƙa buga waya yana tambaya.

A Najeriya kamfanoni na biya, amma ta bayan gida. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ya daɗe yana dogaro da harajin ilimi a kan ribar kamfanoni, harajin da ya kai kashi 3 cikin ɗari a 2023. Mai biyan haraji ba shi da ta cewa kan abin da za a bincika. Wani abin takaici kuma, dokar ta 2011 ta ambaci jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi, ta bar kwalejojin noma irin ta Bakura a waje, alhali su ne suka fi kusa da manomi.

Tarihin Bakolori kansa hujja ne. An kawo tsarin daga waje, aka ware kaso mafi girma na filin don ban-ruwa na feshi mai dogaro da famfuna da lantarki. Da na'urorin suka lalace, filaye da yawa suka koma jiran damina. Ba a maganar rikicin diyyar gonaki na 1980, wanda ya ci rayukan manoma. Sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya ta shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, kafin a shiga gyaran magudanan. To, tambayoyin da suka rage ba na Italiya ba ne. Wane famfo mai aiki da hasken rana ne zai jure ruwa mai laka? Yaya za a busar da tumatir ko a adana albasa ba tare da asara ba? Yaya ƙungiyar masu amfani da ruwa za ta karɓi kuɗin ruwa ta wayar salula? Kowace ɗaya aikin malami da ɗalibansa ce, kuma kowace na da ɗan kasuwar da zai ci riba idan an warware ta.

Amma a yi hattara. Mun ga yadda irin wannan tsari na haɗa kuɗi ya kaya a hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC, inda sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓi na tarayya: biliyoyin naira sun sha kwana a asusu saboda jihohi sun kasa cika sharaɗi. Tallafin da ke jiran mai kuɗi ya fara zubawa, mai kuɗi yake ƙara wa ƙarfi. Idan aka kwafo shi yadda yake, Legas ce za ta kwashe, domin babu manyan kamfanonin fasaha a Mafara, ga kuma matsalar tsaro da ke korar masu zuba jari daga yankin.

Don haka dole a ɗinka shi daidai wuyan Zamfara. A rage kason ƙaramin ɗan kasuwa, a kuma lissafa masa abin da ya bayar ba kuɗi ba: gonar gwaji, inji, lokacin ma'aikatansa. A yarda ƙungiyoyin manoma da masu casa su haɗu su tsaya a matsayin kamfani. A rubuta tun farko wa ke da mallakar abin da aka ƙirƙiro, don nan ne abota kan ɓaci. A kuma saki kuɗin daki-daki, bayan an ga aiki a gona.

Gwamnatin Zamfara ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta gwada. Ta ware ɗan asusu, ta fara da ayyuka kaɗan tsakanin waɗannan makarantu uku da 'yan kasuwar da ke hulɗa da manoman Bakolori, ta kuma bayyana wa jama'a sunan kowane aiki da abin da aka kashe a kansa.