Hotunan Tafiya: Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Kundi a Sabon Badun

Mutumin Sabo ɗan hanya ne. Tun da aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa a gefen Mokola, cikin Badun (Ibadan), a shekarar 1916, zirga-zirga ce ta riƙe ta: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya haura daga kurmi, masu gida da dillalai suna tsakiya. Wani masani, Abner Cohen, ya yi bincike a unguwar daga 1962 zuwa 1963, littafinsa a kan wannan fatauci ya fito a 1969. Har gobe kuwa da wuya shekara ta zagayo a gidan Sabo ba wanda ya je gida yin Sallah ko biki, ko Maulidi a Kaulaha, ko aikin Hajji. Kowa ya dawo da waya maƙil da hotuna. Ran da wayar ta faɗa ruwa, ko aka yi awon gaba da ita a tasha, tafiyar ta bi ta.

Maganin wannan ba shi da tsada: ɗan ƙaramin kundi da zai shiga aljihun riga, tafiya ɗaya kundi ɗaya, wanda za a manna hotuna a ciki tare da tarkacen da aka kwaso a hanya, tikiti ne, ƙyalle ne, ganye ne, sannan a yi rubutu.

Zaɓen hotuna ya fi komai wuya, don rai ba ya son zubarwa. Goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa. Kada duk su zama na mutane sun jeru suna kallon mai ɗauka. A sa motar da aka shiga, da gadar Jebba in an ketare Kwara, da mai shayin Mokwa, da ƙofar gidan da aka sauka a Kano ko Sakkwato. Wanda ya hau jirgin ƙasan Ikko da aka buɗe a 2021, ya sa tashar Moniya. In 'yan uwa ne suka zo daga Arewa aka zaga da su gari, to ga Cocoa House a Dugbe, ga hasumiyar Bower a kan dutsen Oke Are, ga gidan namun daji na Jami'ar Ibadan. Wannan ma tafiya ce, kuma ita ce aka fi mantawa a adana.

Wajen kai wa mai wanke hoto, a kula da abu biyu. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, don haka a tura shi a matsayin fayil, ko a kai wayar da hannu. Na biyu shi ne girma. Katin da aka saba wankewa inci 4 ne da inci 6, ya ɗan fi shafin kundinmu tsawo. Sai a ce a jera hoto biyu a kati ɗaya, a zo gida a raba da almakashi. Kuɗi ya ragu, hoto kuma ya bar filin rubutu. A nemi wankin sitidiyo, domin bugun ƙaramar firinta ta ofis ɗigon ruwa ɗaya kan ɓata shi.

Jikin kundin kuwa, a sayi kwali mai ɗan kauri guda biyu, girman takardar A4. A yanka kowanne gida biyu, a ninke gutsuren huɗun a tsakiya, a cusa su cikin juna. An sami shafi 16, faɗin kowanne santimita 10 da rabi, tsawo kusan 15. A huda ƙofa uku a kan ninkin. Allura ta fita ta ƙofar tsakiya daga ciki, ta dawo ta ta sama, ta tsallake tsakiya ta fita ta ta ƙasa, ta sake shigowa ta tsakiya, a ƙulle bakin zaren biyu a kan dogon zaren da ya ratsa. Zaren dukawa ko na masu gyaran takalmi ya fi na keke ƙarfi. Bango kuma kwalin takalmi ne, a lulluɓe shi da ragowar shadda ko atamfar da aka yi ankon bikin da ita. Kowane tela a Sabo yana da buhun irin waɗannan ƙyallaye. Wanda ya haɗa shadda a gaba da adire na Yarabawa a baya, a ganina ya faɗi gaskiyar inda yake zaune.

Yanzu sai abin da ya bambanta Badun da Kano, wato laima. Damina a nan takan kama tun wajen Maris ko Afrilu har Oktoba, iska kuma ba ta bushewa kamar ta Arewa. Hoto biyu da suka fuskanci juna sukan manne, in an ɓamɓare fuskar mutum ta tafi. Saboda haka a sa siririyar farar takarda tsakaninsu, ko a bar shafin da ke kallon hoto ya zama na rubutu kawai. Kada a yi gam da kokon rogo ko fulawa, wannan gayyatar kyankyaso da gara ce. Salatif kuma bayan 'yan shekaru yakan yi ja, ya saki, ya bar tabo. Farin gam na kafintoci kaɗan a kusurwa huɗu ya wadatar. Wanda ya fi ma shi ne a tsaga kusurwoyin shafin da reza a soke hoton a ciki, ba gam ko ɗigo, ran da aka so a zare.

Tarkacen ma kowanne da halinsa. Rasit na POS da yawancin takardun shiga jirgin sama a kan takardar zafi ake buga su, rubutunsu yakan dushe da kansa. A yi musu kwafi a manna kwafin. Kada kuma a kai su injin da ke rufe takarda da leda, zafinsa zai mayar da su baƙi ƙirin. Ganyen huhun goro ko furen da aka tsinko, a danne shi cikin tsohuwar jarida har ya bushe ƙarau, in ba haka ba fumfuna za ta ci shafin. Abubuwa masu kauri, irin tsabar sefa da ta rage daga Maradi, a ɗinka musu ɗan aljihu a bangon baya, don kundin ya iya rufuwa. Takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani kuwa ba nan ne wurinta ba, tunda abu ne da yara za su yi ta juyawa.

Rubutun shi ne rabin aikin, kuma shi mutane ke tsallakewa. A ƙarƙashin kowane hoto a sa suna, da wuri, da rana. Ba "ni da Baba" ba: cikakken suna, da na mahaifi, da garin asali, domin jikan da aka haifa a Sabo, wanda Yarabanci ya zauna masa a baki kamar Hausa, ba zai gane tsohon da ke tsaye a zauren nan na Bichi ba sai an gaya masa. A ƙara layi ɗaya ko biyu: nawa aka biya kuɗin mota, a ina taya ta fashe, me Inna ta ce da ta ga jaririn. Farashin nan da ake rainawa, nan da shekara ashirin shi za a fi karantawa. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne, sai dai tawadar allo an yi ta ne don ta wanku, a nemi biro mai kyau. A bayan hoto kuwa fensir mai laushi kawai, biro yakan huda ya fito ta gaba. Hoton matar wani ko 'yar wani, a tambaya kafin a sa, tunda kundi a falo yake yawo hannu zuwa hannu.

In an gama, kada a ajiye shi a ƙasa ko jikin bangon da ke tsattsafo. A sa shi cikin robar da ke rufuwa ruf, tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Idan hunturu ya leƙo a Disamba, a fito da shi a buɗe shafukan a inuwa su sha iska, a duba ko wani hoto ya fara mannewa.